Ranar Da Mai Ƙaho Ya Yi Motsi

Saura kaɗan in bar labarin nan ban rubuta ba, don Rufaida maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu, kuma da gishirinta nake miya in nawa ya ƙare. Da na tambaye ta, sai ta ce in rubuta, ai ko an karanta wa Inna Biba ba yarda za ta yi ba.

A ƙauyen, can gefen Gidan Amumune, in ka ce Rufaida sai a ce wace? Sai ka ce ɗiyar ƙanen Inna Biba mai ƙuli-ƙuli, wadda ba ta magana, sannan a gane. Ba bebiya ba ce. Muryarta ce ba ta wuce haɓarta. In ta yi sallama sai ta maimaita kafin a amsa, in kuma layinta ya zo a rijiya sai wata ta zura guga a gabanta, ba don mugunta ba, don ba a lura tana wurin ba. Ta saba, har ta ɗauka haka Allah ya raba: wasu su faɗa, wasu su ji.

Littafin ya shigo hannunta ta hanyar kofunan shayi. Yayanta Iliyasu ya dawo daga cirani a Libiya da ƙananan kofunan gilas, ya naɗo su cikin wani littafi mai laushi don kada su fashe a mota. Aka wanke kofuna, aka jefa littafin bayan gado, gara ta same shi ta ci gefensa na ƙasa har ta ƙoshi. Ranar da Rufaida ta tsinto shi wajen shara ba shi da bango gaba, ba shi da bango baya. Zane ne tun daga wannan gefe har wancan, kowane shafi hoto guda babba mai launi, wani wurin biyu a jere, magana tana fitowa daga bakin mutane cikin wani farin abu kamar ƙwai. An kai wa mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya duba maganar, ya ce wannan ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba ne, ya miƙo musu abinsu ya koma aji.

Rufaida ba ta yi lakwal ba. Makarantar allo ta yi, kuma ta yi ta da kyau. Sai ta zauna bakin gado, ta ce bismillahi, ta buɗe littafin yadda ta san ana buɗe littafi, ta hannun dama.

Ga abin da ta gani. Wata rijiya baƙa ƙirin, wani ƙaton mutum a sararin bakinta, hannuwa a buɗe, ya yi tsalle ya fito. Yana da hular ƙarfe mai ƙaho, ɗaya a karye. Fitowarsa ke da wuya sai wani siririn saurayi cikin shuɗin kaya matsattsu, kamar an zuba shi a ciki, ya hau shi da duka ba gaira ba dalili. Mutumin ya yi ta haƙuri shafi bayan shafi, har Allah ya mayar masa da ƙahonsa, sannan ya ture yaron gefe. Ya sami wata mace ɗaure a jikin ƙarfe tana kuka, ga igiya a hannunsa, shafi na gaba ga ta tana tafiya kasuwa da jakarta. Ya iso wani gari da ya rushe, ya ɗaga hannu, tubala suka tashi sama, shafi na gaba ga benaye tsaye ƙyam, shi kuma yana dariya har ana ganin dasashinsa. Ya iso busasshen kogi da wani ƙaton tulu na ƙarfe, ruwa ya miƙe tsakanin tulun da kogin, shafi na gaba kogi ya cika, yara suna wanka. Daga nan ya shiga wani abu kamar faifai ya yi sama, bai tsaya an yi masa godiya ba. Shafin ƙarshe kuwa, ga marar kunyar nan mai shuɗin kaya, an tuɓe masa kayan, yana wankin kwanoni a gidan abinci.

Ta sa wa babban suna Mai Ƙaho, ƙaramin kuma Matsattse.

Ranar da ta fara ba da labarin, ba niyya ta yi ba. Ana ɓarar gyaɗa a tsakar gidan Inna Biba, sai Sakina, matar maƙwabci, ta ga littafin a cinyarta ta ce wane ne wannan mai hula kamar sa? Rufaida ta buɗe baki don ta ce ba kowa ba ne. Amma idonta na kan shafin, ba kan mutane ba, sai magana ta zo. Ta faɗi abin da Mai Ƙaho ya ce wa rijiyar da zai bar ta, da abin da ya ce wa Matsattse lokacin da ake dukansa, da sunan uwar matar da aka ɗaure. Ta yi muryar wannan, ta yi ta wancan. Da ta ɗaga kai, sai ta ga hannuwa sun tsaya cikin gyaɗa, kowa ita yake kallo.

Inna Biba ta ce, "Ku ci gaba da ɓara, kunne ke ji ba hannu ba. Ke kuma ɗiyar nan, ashe kina da baki kika bar mu muna sauraron Sakina shekara da shekaru?"

Tun daga ranar Inna Biba ba ta sake roƙon kowa ya zo ɓara ba. Da la'asar ta yi sai mata su shigo da tabarminsu. Labarin guda ne, amma kullum sai ya yi sabon reshe, kuma ba wadda take yarda a tsallake wurin tulu. Garin da sai an ɗaura igiya a wuyan bijimi ya yi tafiya mai nisa yana ja kafin guga ya leƙo, ba a gajiya da jin mutumin da ya cika kogi da la'asar ɗaya. Har Tsoho Danda, kakan Rufaida na wajen uwa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a haƙar rijiya, ya riƙa jawo kujerarsa bakin zaure yana cewa iska yake sha.

"Amarya," in ji shi, don haka yake kiranta, "mutumin nan namu ne. Duk wanda ya fito rijiya ya san darajar ruwa. Da ina da ƙuruciya da na yi kishi."

A rijiya ma aka fara cewa a bar Rufaida ta ɗiba ta tafi, kada ta makara.

Ana nan sai wata ranar kasuwa Abdul Razak, ɗan Inna Biba, mai kabu-kabu tsakanin ƙauyen da Gidan Amumune, ya shigo da moto har tsakar gida, abin da uwarsa ta hana.

"Ina taubashiyata mai wa'azin gyaɗa? Zo ki ga mijinki."

Ya miƙa mata salula. Wani ɗan gajeren bidiyo ne da aka tura masa wurin cajin waya. Duhu, sai walƙiya, sai ga hular ƙarfe mai ƙaho biyu. Kan ya juyo a hankali, ya dube su. Aka nuna Matsattse yana faɗowa daga bene, aka nuna tulun, aka ji wata dariya mai kauri, sai rubutu, sai ya ƙare.

Sakina ta dafe ƙirji ta ce, "Ya yi motsi."

"Talla ce," in ji Abdul Razak. "An yi fim ɗinshi. Bai fito ba tukuna, in ya fito kuma sai an kai shi Kano an sa mashi Hausa."

Aka sa ya maimaita tallar har batir ya mutu. Duk sanda Matsattse ya faɗo daga bene sai an yi guɗa.

Daga nan garin ya shiga jira. Duk ranar kasuwa ana jin ƙarar moto sai mata su fito ƙofa, kamar masu tarbar alhaji. Abdul Razak ya ce ya fito a ƙasar Turawa. Wata kasuwar ya ce yana Kano ana sa masa Hausa. Wata ya ce an gan shi a Maraɗi. Aka yi ta gardama kan muryar da ta dace da shi: Inna Biba ta ce irin ta ladan, Sakina ta ce ladan da hanci yake magana, a nemo dai irin ta mai shelar rediyo. Tsoho Danda shi abu ɗaya yake son gani, yadda mutum ke fitowa daga rijiya ba igiya ba matakala. Inna Biba ta fara murza ƙuli-ƙulinta da ƙahoni biyu, ya riƙa ƙarewa kafin azahar. Mata suka fitar da anko, atamfa ja mai ratsin toka, kalar alkyabbar Mai Ƙaho. Wata da ta sayo shuɗin kallabi a rashin sani sai da ta ɓoye shi.

Rufaida ta fi kowa ɗoki, ko da yake ba ta nuna ba. Tana tunanin ranar da za a ga komai yana tafiya yadda ta faɗa, a juyo a dube ta.

Sai Mardiya ta dawo hutu. Ƙanwar Abdul Razak ce, tana kolej a Mayahi, tana yawan sa Faransanci a magana, amma ba ta da girman kai. Ta zauna ɓara ranar farko, ta ji labarin, har ta share hawaye da gefen hijabi wurin da aka kwance matar. Washegari da hantsi ta shigo ɗakin Rufaida ta ce a ara mata littafin ta gani da idonta.

Ta karɓa, ta juya shi, ta buɗe ta hannun hagu.

"Kin juya shi," in ji Rufaida a hankali. "Nan ƙarshe ne."

Mardiya ta dubi mai wankin kwanoni. Ta buɗe shafi na gaba, ta buɗe na gabansa. Ta koma baya, ta karkata littafin wajen hasken ƙofa, ta sa farce a wata kusurwa da gara ta manta.

"Yaya Rufaida, wannan lamba nawa ce?"

Rufaida ta san lamba, ta koya a salula. Biyu ce, ƙarama, a ƙarƙashin ƙafar mai wankin kwanoni.

"Irin wannan littafi ta nan ake fara shi," in ji Mardiya. "Kamar na lakwal. Pardon, Yaya. Bari ki gani."

Ta riƙa buɗewa a hankali. Yaro yana wankin kwanoni. Wani abu kamar faifai ya sauko. Yara suna wanka a kogi, sai tulu, sai busasshen yashi. Benaye a tsaye, hannu ya ɗaga, tubala a sama, kufai. Dariyar nan. Mace tana tafiya kasuwa da jakarta, sai igiya. Ƙaho ya karye. Shafin ƙarshe, ƙaton mutum a sararin bakin rijiya, hannuwa a buɗe.

"Faɗawa yake," in ji Rufaida.

"Faɗawa yake."

Rufaida ta ƙura wa shafin ido. Ba Mai Ƙaho ta fara tunawa ba. Tsakar gidan Inna Biba ta gani, cike da jar atamfa, kowa ya juyo yana kallonta, irin kallon da ba shi take jira ba. Ta ji muryar Sakina tana cewa dama shiru ya fi yi mata kyau. Ta ga guga yana wucewa ta gabanta a rijiya.

"Za ki faɗa?"

"Ni? Ina ruwana," in ji Mardiya. "Amma fim ɗin zai faɗa. Ki riga shi, shi ya fi."

Ta gwada. Ta sami Inna Biba gaban kasko tana tuya, ta tsuguna ta ce, "Inna, littafin nan, ashe ta baya..."

"Ɗaga murya, ɗiyar nan, mai na ƙara. Miƙo mani matsami."

Ta miƙa matsami. Da ta sake haɗa maganar a bakinta, Inna Biba ta shiga lissafa wa wata maƙwabciya waɗanda ba su kai ɗinkin anko ba.

Ta tare Abdul Razak yana zuba isansi a moto, ta ce ko zai bar zancen fim ɗin nan, kallo ba shi da wani amfani.

"Kishi kike kada matan gari su ga mijinki yana tafiya? Kwantar da hankalinki, taubashiya, ke ce uwargida. Ya iso Mayahi, jibi ina ɗauko shi."

Ta yi addu'a moto ya lalace, sannan ta ji tsoron Allah ta janye, ta roƙi dai kart ɗin da za a ɗoro fim ɗin a kai ya ƙi buɗewa.

Kart ya buɗe. An aro tele daga shagon mai cajin waya, da batir ɗin fano mai aiki da hasken rana, aka kafa cikin rumfar Inna Biba bayan azahar, aka rataya tabarmi don rana. Mata suka cika wuri, ja ko'ina. Aka dafa dambun zogale. Aka shimfiɗa wa Rufaida darduma a gaba, kusa da tele, aka ce nan ne wurinta. Tsoho Danda ya bar zancen shan iska, ya shigo da kujerarsa ciki. Mardiya ta zauna can baya, kusa da ƙofa.

Fim ya fara da yaro yana wankin kwanoni.

"Ka sa mana ƙarshe," in ji Inna Biba. "Mai da shi farko."

"Nan ne farko, Inna."

"Wataƙila tuna baya ne za su yi," in ji Sakina. "Suna yin haka."

Aka yi haƙuri. Mai fassara, da wata murya mai sauri, ya ce wannan yaro maraya ne mai ladabi, jarumin duniya. Aka yi tsaki nan da can. Sai faifai ya sauko, ƙofa ta buɗe, hular ƙarfe ta leƙo. Rumfa ta ɗauki guɗa har ba a ji abin da mai fassara ya ce ba. Da guɗa ta lafa, sai aka ji yana cewa, ga mugu ɗan mugu ya iso, azzalumin da bai san Allah ba.

"Wa yake zagi?" in ji Inna Biba.

Mai Ƙaho ya sauke tulunsa bakin kogi, yara suna wanka. Mata suka gyara zama, don nan ne wurin da suka fi so. Ruwa ya miƙe. Ya tashi daga kogin ya shige tulu, duka, har kifaye suna tsalle a kan yashi.

Rufaida ta sunkuyar da kai tana kallon zaren darduma. Ba ta ga rushewar benaye ba, ƙararsu ta ji, da dariyar. Ta ji kukan matar da aka ɗaure. Bayanta shiru, ko cokali ba ya motsi cikin dambu. Tana jin shirun a ƙeyarta kamar zafin rana. Haka aka tafi har Matsattse ya karya ƙaho, ya ɗaga Mai Ƙaho ya jefa shi rijiya, mai fassara yana cewa alhamdu lillahi, ƙarshen mugu ke nan. Rubutu ya hau. Abdul Razak ya kashe tele, ya rasa abin tsokana.

Rufaida ta ce a ranta gara ta faɗa da bakinta. Ta ɗaga kai kaɗan ta ce, "Fim ɗin daidai yake. Ni ce na fara ta baya."

Ta faɗa da muryarta ta kullum. Daidai lokacin Inna Biba ta buga cinya ta miƙe.

"An cuce mu. Sun juya shi."

Rumfa ta ɓarke. Sakina ta ce tun daga wankin kwanonin nan ta san akwai magana. Wata ta ce ƙila wurin sa Hausa aka birkita shi. Wata ta ce a'a, tun can ne, dangin Matsattse ne suka yi fim ɗin, ba ku ga yadda aka gyara masa fuska ba? Inna Biba ta ce wa Abdul Razak ya sa shi daga ƙarshe ya tafi baya, yadda Allah ya yi shi. Ya ce tele ba ta yin haka. Ta ce to me take yi?

"Inna, ku tsaya," in ji Abdul Razak. "Masu fim ɗin su ke da littafin. Anya ba mu ne..."

"Su ke da shi? Yana ina? Ga shi nan a cinyar ɗiyata. Kai karanta shi ka yi, ko su?"

Tsoho Danda ya buga sandarsa a ƙasa, aka saurara.

"Ni ban san fim ba," in ji shi. "Rijiya na sani. Na shiga ta fi a ƙirga, kuma kowace na shiga na fito, ga ni zaune. Labarin da ya ƙare da mutum cikin rijiya ba a gama shi ba. Sannan ruwa. Kun taɓa ganin ruwa ya tashi daga ƙasa ya hau tulu da kanshi? Daga tulu yake zuba. Ko yaro ya san wannan."

Aka ce wallahi haka ne. Inna Biba ta hango Mardiya a bakin ƙofa.

"Ke 'yar lakwal, kin ga littafin, kin ga fim. Ɗaya suke?"

Mardiya ta dubi Rufaida. Ita kaɗai ta ga bakinta ya motsa ɗazu, ta kuma san abin da ya faɗa. Ta gyara hijabinta.

"Gaskiya, Inna, wanda na ji a nan gidan ya fi daɗi."

"To kun ji. Har masu boko." Inna Biba ta sunkuya ta ɗauki littafin daga cinyar Rufaida ta danƙa mata a hannu. "Dubi yadda suka sa ɗiyar nan ta yi zuru-zuru, an ɓata mata abu a gaban idonta. Share fuskarki. Ba mu na gaskiyar, mu wanke kunnenmu. Kai kuma kwashe akwatinka."

Aka zauna. Shiru ya sauka, irin wanda Rufaida ta sani, wanda ba a yi wa kowa a garin sai ita da liman. Littafin yana hannunta, ba bango gaba, ba bango baya. In ta buɗe ta hagu, yanzu za a ji ta, don tana riƙe da shi. Ta dubi Sakina da ta ci bashin atamfa, ta dubi kakanta da ya miƙo wuya, ta dubi ƙuli-ƙuli mai ƙaho biyu a cikin faranti. Babban yatsanta ya tsaya a gefen hagu, ya ɗan daɗe a wurin.

Ta juya littafin, ta ce bismillahi.

"Wata rijiya ce," in ji ta, "baƙa ƙirin."

"Yawwa," in ji Tsoho Danda.

Ranar labarin ya fi na kullum tsawo. Da aka zo wurin tulu, ta sa Mai Ƙaho ya ce wa mutanen garin, wata rana za a zo a ce muku ni na kwashe ruwan nan, ku dai ku sha ku yi wanka. Sakina ta yi kuka. Aka watse gab da magariba, ana ta tsine wa masu fim, aka kuma yanke cewa in sun yi na biyu sai an gani, don a san iyakar ƙaryarsu.

Washegari da safe, bayan ta dawo rijiya, inda aka matsa mata ta ɗiba kafin kowa, Rufaida ta shiga ɗaki ta saki labule. Ta buɗe littafin ta hagu, ita kaɗai, ta bi shi shafi shafi har ƙarshe. Ta daɗe a kan dariyar nan. Duk yadda ta karkata shafin, ba ta ƙara ganin murnar mai gini a cikinta ba.

Ta rufe. Ta ɗauko ƙyallen da ya rage na anko, da kwalin sukari, da allura. Ta yanka kwalin daidai littafin, ta lulluɓe shi da jar atamfa, ta ɗinke gaba da baya da ƙananan ɗinki masu ƙarfi, ta sa masa marfi da igiyar ɗaurewa irin ta jakar Alƙur'anin kakanta, yadda duk wanda ya kwance igiyar ta dama zai buɗe. Kusurwar nan da gara ta manta, ta kai almakashi kanta, sai ta fasa. Ta naɗe ta ciki, ta bi ta da ɗinki.

Ta ciji zaren, ta sa littafin ƙarƙashin matashi, ta fita shanya gyaɗa.